Nomau Kamarad da Gonar Ubansa

A gidanmu da ke unguwar Zango a Zinder ba a ambaton sunan Kawu Nomau lokacin cin abinci, don Inna ta ce yana ɓata mata miya. Ni kuwa tunda ba a gaban akushi nake ba, zan ba da labarinsa, kuma ina faɗa tun yanzu, ba ƙaunarsa nake yi ba. Wanda yake son jin yabonsa ya tafi tashar Gaffati ranar kasuwa, zai same shi yana yabon kansa, ya kuwa fi kowa iyawa.

Nomau ɗan Habu mutumin Dogon Gawo ne, wani ƙauye da ke gaba da Gaffati kaɗan. Ya haura saba'in, amma har yau dogo ne miƙaƙƙe, haƙoransa cif, ko ɗaya bai faɗi ba. Ba ya da wuyar ganewa. Shi ne tsohon nan mai sa wata kwat mai kauri launin toka ko da zafin bazara na narka kwalta, da wani ƙarfe mai jan ƙyalle maƙale a ƙirji. Yara na ce masa Kamarad, shi kuma yana amsa musu da ɗaga dunƙulen hannu. Taubashin Inna ne, wato mahaifiyata Barira. Uwarsa Fati ƙanwar kakana ce, Alhaji Safiyanu mai fatu na Zango, uwa ɗaya uba ɗaya. Abin da ya sa dole nake ce masa Kawu ke nan.

Asalin maganar ba shi da tsawo. Habu ya rasu Nomau na da shekara bakwai, ya bar gona guda, jigawa mai kyau da gawo uku a tsakiya, kudu da ƙauyen. Alhaji ya kwaso ƙanwarsa da ɗanta ya kawo su Zango. Gona kuwa ya san in aka bar ta ba noma, maƙwabta za su yi ta cin ta da hauya, taku ɗaya bana, taku biyu baɗi, har yaro ya girma ya tarar da tabarma a maimakon gona. Don haka duk damina sai ya ɗauki 'yan ƙwadago su nome ta, hatsin a zuba a rumbun Fati. Shi da hannunsa ya dasa gamba ya kewaye iyakar, Inna tana budurwa tana miƙa masa saiwa. Nomau ya tashi yana cin tuwo akushi ɗaya da 'ya'yan gidan, yana ɗaukar fatu zuwa kasuwa kamar yadda suke ɗauka. Da ya kai sha tara Alhaji ya aura masa Delu, ya mayar da shi Dogon Gawo, ya damƙa masa gonar ubansa, ya ƙara masa da jaki.

Bayan shekarun babban fari aka kafa koperatif, wato ƙungiyar haɗin gwiwar manoma, a ƙauyen. Wata ƙasa ta 'yan gurguzu, can inda ruwa ke daskarewa a cikin tulu, ta aiko da garmar shanu da kwanon rufin sito. Ba a yi shekara biyu ba ta aiko da masu ɗaukar labari: maza uku da injunan hoto, mace ɗaya da kaye, littafin rubutu, a hannu, da tafinta Mahamud. Mahamud ɗan unguwar Birni ne, ya yi karatu a can da burs, wato tallafin karatu, ya dawo da gemu da raina duk wanda ke da shago. Suka tara manoma a gindin tsamiya suna ƙare musu kallo kamar masu sayen rago. Aka wuce gajeru, aka wuce masu giɓi, aka tsaya a kan Nomau.

Mahamud ya bayyana masa yadda aikin yake. Ya ce labari a ƙasar can kamar murhu ne, duwatsu uku yake so: talaka da aka zalunta, mai ƙiba da ya sha jininsa, da jam'iyya ko ƙungiya da ta zo ta cece shi. In babu ɗaya tukunya ba ta zama. Talaka dai ga shi an samu, mai ceto ga koperatif, saura azzalumi. Matar nan ta tambayi Nomau wa ya taɓa zaluntarsa, ya ce babu. Ta ɓata rai, ta sake dabara. Da ubansa ya mutu, wa ya riƙe gonar? Ya ce kawunsa. Kawun manomi ne? A'a, ɗan kasuwa ne. Ya yi masa aiki? Ƙwarai, shekara goma sha biyu yana ɗaukar fatu. Nawa ake biyansa? Nomau ya yi dariya, ya ce wa ke biyan ɗansa? Alƙalamin matar ya kama gudu. Kafin la'asar an gama ginin: attajiri ya ƙwace gonar maraya ya sayar, ya bautar da shi shekara goma sha biyu ba lada, sai koperatif ta zo ta yanka masa gona daga filinta.

Da aka karanta masa, an ce ya riƙe baki ya ce a'uzubillahi. Ina ba shi wannan, don gaskiya ce. Sai dai a'uzubillahin bai kai magariba ba. Mahamud ya ja shi gefe ya ce ba za a ambaci sunan kowa ba, kuma fim ɗin can za a nuna shi inda ba wanda ya san Zango, sannan wanda ya yi wasan za a sa shi a jirgin sama ya je ya ga ƙasar da idonsa. A lokacin duk Dogon Gawo ba wanda ya taɓa shiga jirgi, har liman. Washegari Nomau ya zo da tsummar rigar da Delu ke goge tukunya da ita, ya ce ko wannan za ta yi.

Sai maganar dami, wadda ita ce ta kawo mu inda muke yau. A ƙasarmu in mutum ya ari gona, ba takarda ake rubutawa ba. Duk kaka zai ɗauko dami ɗaya na hatsin gonar, a ka, da rana tsaka, ya kai ƙofar mai gona ya sauke. Ba haya ba ce, damin bai kai ya zama haya ba. Shaida ce a idon jama'a cewa ƙasar nan ba tawa ba ce, ta wannan gidan ce. Ko yaro ya san haka. Su baƙin ba su sani ba, ba kuma ruwansu. Abin da suke so shi ne fim ya ƙare da kyau: manomi ya fito daga gona da dami a ka, makaɗa na biye, ya sauke a ƙofar siton koperatif don godiya. Bulama, wato mai garin, ya kira Nomau ya ce ya yi duk wasan da zai yi amma ban da wannan. Delu ta ce masa in dole ne ya ɗauko damin daga rumbu, kada daga gona. Ya ce su duka ba su waye ba, sinima ce. Ya ɗauka sau huɗu a rana ɗaya, don na farko rana ta shiga gajimare, na biyu jaki ya gitta, na uku bai yi murmushi sosai ba.

Ya yi wata guda a ƙasar can. Abin da ya gani na ji shi daga bakinsa ya fi sau ɗari, amma guntayen da suka fi amfani su ne waɗanda ke kuɓuce masa in ya manta da kansa. An kai su wani babban zaure, shi da wasu kamar ashirin daga ƙasashe daban-daban, baƙaƙe da jajaye da masu ƙananan idanu. Kowa ya tashi ya ba da labarinsa, kuma duk labarin ɗaya ne. Wannan gonar shinkafa aka ƙwace masa, wancan jirgin kamun kifi, wancan garken tumaki, kowa da mai ƙibarsa, kowa da ranar da haske ya zo masa. Kawu ya ɗauka ikon Allah ne mutum ashirin su yi ƙaddara iri ɗaya. Daga nan aka yi ta yawo da su masaƙu da makarantu da barikin soja, ana jera mutane, su faɗa, a tafa. Ta tagar mota yakan ga layi a ƙofar kantuna, mata cikin sanyi riƙe da jaka babu komai ciki. Da ya tambaya aka ce masa mutanen ƙasar ne ke son tsari.

Ni mai sayar da kayan babur ne, ban yi lakwal, wato boko, mai zurfi ba, amma ban sha wuyar gane wannan ba. Ba don mu aka yi labarin ba. Don matan layin nan aka yi shi. Mai mulkin da ya kasa cika maka kwano, sai ya kawo maka baƙo daga nesa ya rantse maka cewa a wajen katanga mutane ƙasa suke ci, kuma har a can sunan shugabanka suke kira da godiya. Ka ji haka, ka koma layinka ka yi shiru. Kawu da bakinsa ya taɓa faɗa mini cewa wata tsohuwa mai share ɗakin da aka sauke shi ta ji labarinsa a rediyo, ta zo tana hawaye ta cusa masa guntun burodi da ƙwayar sukari biyu a aljihu. Shi a lokacin rumbu uku ya bari a gida cike da gero. Na tambaye shi ko ya mayar mata. Ya ce ina, ai bai kamata a ɓata wa mai kyauta rai ba. Ya cinye.

Ya dawo da kwat, da ƙarfen ƙirji, da mujalla mai hotonsa da dami a ka. Fim ɗin da aka ce ba zai zo ba kuwa ya zo. Aka kafa farin ƙyalle a wani fili a Zinder, gari ya taru. An samo wani mai tumbi an naɗa masa rawani, an ba shi bulala, an tsayar da shi a gaban tarin fatu. Ba a faɗi suna ba, gaskiya ne. Amma mai fatu nawa ne a Zango da ya riƙe ɗan ƙanwarsa daga Dogon Gawo? Dattawa sun san ƙarya ce, suka yi tsaki suka tashi. Samari ba su sani ba. Washegari Alhaji na wucewa kasuwa wani ya ce ga mai bulala nan, sunan kuma ya bi shi. Inna ta ce bai taɓa tanka wa kowa ba, bai kuma aika a kira Nomau ba. Abin da ya yi kawai, ya daina zama a dakalin ƙofar gida da yamma, wurin da ya shekara talatin yana zama. Bayan shekara huɗu ya rasu. Kawu ya zo gaisuwa cikin kwat ɗinsa, ya zauna a sahun gaba. Tun daga ranar nan, wasan taubasantaka ya mutu tsakaninsa da Inna, gaisuwa ma sai ta kama dole.

Da a nan ya tsaya, da an ce kuskuren ƙuruciya ne. Bai tsaya ba. Duk kaka shugaban koperatif kan kawo baƙi, a ce su ga manomin cikin mujalla, Kawu kuwa sai ya ɗauko dami daga gonar ubansa, makaɗa na biye, ya sauke a ƙofar sito. Shekara tara yana yi. Bulama ya gaji da magana har ya mutu. Daga baya ƙasar can ta watse, aka ji a rediyo mutanenta da kansu suna tumɓuke gumakan shugabanninsu. Koperatif ta mutu, iska ta kwashe kwanon sito, awaki suka gaji ginin. Mahamud ya aske gemu ya buɗe shagon siminti. Kowa ya sauka daga labarin ban da Kawu.

Da siyasa ta zo sai kasuwarsa ta buɗe. Duk jam'iyyar da ta shigo yankin da lasifika takan neme shi, ya hau bayan mota ya fara: an haife ni cikin duhu. Duwatsu biyu na murhun ba sa motsi, talaka shi ne, azzalumi kakana ne. Na ukun kawai yake sauyawa gwargwadon launin hular da aka ba shi. Labarin kuma yana ta yin ƙiba. Shekara sha biyu ta zama sha biyar. Tabon da ke kafaɗarsa, wanda kowa a gidanmu ya san faɗowa ya yi daga kan jakin da Alhaji ya ba shi, ya zama shatin bulala, har yakan zame kwat ya nuna. Mushen lakwal ɗin ƙauyen, wato malamin makarantar, kan gayyace shi ya yi wa yara bayanin zaluncin da. Noma kuwa Delu da 'ya'yanta maza biyu ke yi. Shi aikinsa ya tsaya a bakin gona ya nuna wa baƙo ita da sanda.

Bara waccan matasan Dogon Gawo suka kafa sabuwar ƙungiyar manoma. Wani furoje na masu ba da tallafi ya ce zai haƙa musu rijiya ya kewaye musu lambu in suna da fili nasu na ƙungiya. Shugabansu Suma'ila, mutum mai hankali, ba macuci ba, ya ce ai suna da shi: filin tsohuwar koperatif, wanda aka ba Baba Nomau aro. Ba sharri ya ƙulla ba. Yana aji uku ya ji haka daga bakin mai gonar, a cikin lakwal, har aka sa su tafi. Ubansa ma na cikin makaɗan da suka raka dami. Suka je da ladabi suka ce Baba ya ci moriyar aro shekara arba'in da ɗoriya, yanzu jama'a na bukata. Kawu ya ce gonarsa ce. Suka ce to, a je gaban sarki. Dattawan da suka san Habu duk sun kwanta dama. A duniya mutum ɗaya ya rage da ya ga dashen gambar nan da idonsa, ita ce Inna.

Bai zo da kansa ba. Delu ya turo. Ta iso da hantsi a bayan kabu-kabu, ta ramu, hannayenta duk kanta, ta zauna a bakin tabarma ta ƙi hawa tsakiya. Ta daɗe tana zagaye kafin ta faɗi abin da ya kawo ta. Ta ce gonar nan ita ce cinsu, ita ce shansu, mutum goma sha ɗaya har da jikoki. Ta ce ta san abin da aka yi wa gidan nan, ta san ba ta da bakin roƙo. Ta ce Malam, wato Kawu, ya yi mata alkawari, hannu a kan kai, in Yaya Barira ta yi shaida shi ma zai faɗi gaskiya a gaban sarki.

Ni na so Inna ta ce a'a. Na faɗa mata a gaban Delu, ban ji kunya ba, cewa kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski, ya je masu jirgin su yi masa shaida. Inna ta dube ni yadda take dubana tun ina yaro in na yi wauta.

"Ba don shi zan je ba," in ji ta. "Ubana ya tsare gonar nan shekara goma sha biyu don kada ta fita daga hannun jinin Fati. In na zauna ta fita, wahalarsa na zubar."

Ranar zaman na ɗauko mota na kai ta, don gwiwoyinta ba sa son babur. An yi shimfiɗa a ƙofar fadar sarkin yankin, gari ya cika, har 'yan lakwal an sako su. Delu ta raɗa mini cewa ta ɓoye kwat ɗin a cikin rumbu tun jiya. Ba ta rufe baki ba sai ga shi tafe a cikinta, da ƙaiƙayi a kafaɗa, ƙarfen ƙirji an goge shi da toka yana walƙiya. Tun a nan na san alkawarin ba zai tsaya ba.

Suma'ila ya yi magana a taƙaice. Ya kawo mutum shida da suka ga dami, ya kawo mujallar, wadda Kawu da kansa ya ba lakwal kyauta. Sai aka kira Inna. Ta zauna a kujera saboda ƙafa, ta faɗi komai ba ƙari: rasuwar Habu, 'yan ƙwadago, rumbun Fati, daga ina aka fara dasa gamba da inda aka ƙare, har jakin. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma dubi Kawu ba ko sau ɗaya. Na ga samari suna duban juna. Suma'ila ya sunkuyar da kai, sannan ya ce shi ba ya ja da tsohuwa. In Baba Nomau ya faɗa da bakinsa cewa gado ce, damin nan wasa ne, ya dafa Alƙur'ani, su sun janye, za su nemi fili wani wuri.

Sarki ya ce magana ta yi sauƙi. Shaida ba ta karɓar wa mutum abin da shi bai ce nasa ba ne. Ya juya ga Kawu.

"Nomau, ka ji 'yar'uwarka. Gonar nan gadon ubanka ce, ko koperatif ce ta ba ka?"

Kalma ɗaya ake nema. Ya miƙe tsaye, ko da yake ba a ce ya miƙe ba. Ya dubi Delu. Ya buɗe baki ya ce, "Abin da Yaya Barira ta faɗa…" sai ya tsaya. A gabansa jikokinsa ne zaune a ƙasa, da 'yan lakwal, da mushensu, bayansu kuma samari sun ɗaga wayoyi sama suna ɗauka, sun fi ashirin. Na ga idonsa yana bin wayoyin nan ɗaya bayan ɗaya. Rabon da a ɗora masa injin hoto haka tun zamanin matar mai kaye. Ya gyara murya. Kafaɗunsa suka buɗe. Hannun dama ya dunƙule ya fara tashi da kansa.

"An haife ni cikin duhu," in ji shi.

Ya yi shi duka, daga farko har ƙarshe, bai tsallake ko bulala ba. Ya zame kwat ya nuna tabon, taku uku daga inda 'yar mai fatun ke zaune. Bai taɓa yin sa da daɗi kamar ranar ba, wannan ma ina ba shi. Da ya kai ƙarshe wasu yara suka tafa don sabo, mushensu ya harare su. Delu ta ja gyale ta rufe fuska. Sarki ya bar shi ya gama, ya sake tambayarsa sau ɗaya, a hankali, kamar mai magana da marar lafiya. Kawu ya ce koperatif ce ta ba shi, duniya ta sani, an buga a mujalla.

Aka yanke cewa fili ya koma hannun ƙungiya. Suma'ila, don kunya, ya roƙi a bar wa Delu wani ɗan yanki daga gefen gabas, wanda bai kai ya ciyar da mutum uku ba. Kafin damina aka tumɓuke gambar aka kafa waya. Babban ɗan Kawu ya tafi neman aiki Agadas, ƙaramin yana ƙwadago a gonakin mutane. Da muka komo Zango, Inna za ta sauka ta ce in riƙe ta, ƙafarta ta mutu. Ni kam na yi ta zagi a zuci har gida, kuma ban fasa ba har yau.

Da kaka ta yi, ta kira ni ta ce in sayi buhu biyu na gero in kai wa Delu. Na ce ba za ni ba. Ta ce ubanta bai taɓa barin ɗan Fati da yunwa ba, ba a kanta za a fara ba, in kuma ba zan je ba ta hau kabu-kabu da kanta. Na ɗaura buhunan na tafi.

Na same shi a ƙofar gida cikin kwat, da mutum biyar ko shida suna shan inuwa. Ya ga buhu, ya ga ni, ya gane daga inda suka fito. Ya taso da sauri ya tare ni, ya rage murya.

"Ɗana, zagaya da su ta baya. Ta wajen turken awaki akwai ƙofa."

Na ce masa ni ban san ƙofar baya ba, a gidanmu ta gaba ake shiga. Na kwance igiya na sauke su nan a gaban kowa. Delu ta ji ƙarar babur ta fito. Ta dubi buhunan, ta dafa ɗaya da hannu, ba ta tambayi wanda ya aiko ba. Ta ɗaga murya yadda har maƙwabta za su ji, ita da ban taɓa jin ta ɗaga murya ba.

"Allah ya ji ƙan Alhaji Safiyanu. Ya ciyar da mu yana raye, ga shi yana ciyar da mu yana kabari."

Duk wanda ke wurin ya shafa ya ce amin. Kawu ya dubi hagu, ya dubi dama, ya ga akwai mutane. Ya gyara ƙarfen ƙirjinsa, bai ce amin ba.